Haɗa wayar tsohon moto ya zama janaretan iska: amsa ga wani mai lambu a Daura

Tambaya: Wani mai lambu a bayan garin Daura ya tattaro kaya daga hannun 'yan gwangwan: altanetar mota, kan ƙaramin janareta mai shan fetur, fankar silin, moton injin gudu na motsa jiki mai rubutun 180V da 4000 RPM (juyi a minti) a jikinsa, da tayoyin hobabod biyu, wato allon nan mai caji da yara ke hawa. Yana so ya ɗaura wa ɗaya farfela, iska ta riƙa juya shi yana cajin batir mai bolt 12, mai ɗaukar amfiya-awa 100, saboda fitila da cajin waya a ɗakin mai gadi. Wanne zai ɗauka, yaya ake haɗa wayoyin, kuma ko zai iya gama biyu wuri ɗaya wuta ta ƙaru?

Amsa: Malam, kafin ka fere waya ko ɗaya, raba kayan nan gida biyu. Uku daga cikinsu ba za su yi maka aikin ba ko wane gwani ne ya haɗa su, kuma babban dalilin shi ne: farfelar iska ba ta da gudu. Farfela mai faɗin mita ɗaya da rabi, ta katako da aka sassaƙa da kyau, tana yin juyi kusan 300 a minti idan iska na tafiyar mita 4 a daƙiƙa, kusan 600 kuma a iskar mita 8. Wadda aka yanka daga bututun roba ba ta ma kai haka. Saboda haka abin dubawa a jikin kowane moto shi ne: a juyi nawa a minti zai kai bolt 14, inda caji ke fara shiga batir? Wanda bai kai ba kafin juyi 350, ajiye shi.

Altanetar mota an ƙera ta ne don injin da ke juya ta da fambel sau dubbai a minti. Ba ta fara ba da abin kirki sai ta haura juyi 1,000, kuma ba ta da maganaɗisun dindindin. Kwayil ɗin tsakiyarta, wato naɗin waya, shi ne ke zama maganaɗisu, shi kuwa sai ya ci amfiya 3 zuwa 4 daga batir, wato wat 40 zuwa 50, ko ana iska ko ba a yi. A mafi yawan ranaku abin da za ta ci ya fi abin da za ta bayar. Kan janaretan fetur ya fi ta muni, don shi juyi 3,000 yake so kafin ya ba da wutarsa. Masu cewa a sa fuli da bel a ninka gudun sau goma ba su lissafa cewa nauyin juyawar ma ya ninku sau goma ba. Ƙaramar iska ba za ta iya tayar da farfelar ba sam, bel ɗin kuma ya cinye wani kaso. Fankar silin ba maganaɗisu a cikinta. Ana iya manna mata, ana kuma ganin mita ta nuna bolt mai yawa, amma wayar kwayil ɗinta siririya ce ƙwarai, da ka ɗora mata kaya wutar ta zube. Moton bilenda, na giranda, na injin huda da na famfon ruwa duk layinsu ɗaya da waɗannan. Altanetar dai kada ka mayar wa mai gwangwan, akwai abin da za mu ciro a cikinta.

Saura moton injin gudu da tayoyin hobabod, kuma duka biyun suna da maganaɗisu na dindindin. Gane wannan ba wuya: gama wayoyin moto da juna, ka juya da hannu. Idan ya yi nauyi nan take, akwai maganaɗisu kuma kwayil na da rai.

Lissafin moton injin gudu a jikinsa yake. Raba 180 da 4,000, ka sami bolt 0.045 a kowane juyi. Kana neman wajen 14, ga ɗan abin da dayod (abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) zai ci, ga kuma cewa moto idan ya koma janareta yakan gaza abin da aka rubuta da kaɗan. Zai fara caji ke nan tsakanin juyi 300 da 350. Ya shiga, amma da ƙyar, kuma sai da farfela ƙarama mai gudu, mita 1.2 zuwa 1.5. Tayar hobabod ta fi shi. Yawancinsu suna ba da bolt ɗaya a kowane juyi 15 zuwa 16, don haka caji na farawa wajen juyi 230. Ba ta da burushin kabon da zai cinye, a rufe take ƙura ba ta shiga da sauƙi, boris ɗinta kuma an yi shi ne don ɗaukar nauyin mutum. Ita zan ce ka ɗora a sama.

Kada ka dogara da lissafin takarda, auna taka. Wayoyi takwas ne ke fitowa ta cikin sandar tayar: uku masu kauri, biyar sirara. Siraran na na'urar gane matsayin taya ne, ba ruwanka da su, yanke su ka naɗe kowace daban. Sa mita a kan om, ka auna masu kaurin biyu-biyu. Awo ukun su zo daidai da juna, ƙasa da om ɗaya. Sannan auna tsakanin kowace waya da ƙarfen sandar. Nan bai kamata mita ta nuna komai ba, in ta nuna to kwayil ya taɓa jiki. Daga nan ɗaure sandar a bais, mayar da mita kan AC, ka sa wani ya riƙa juya tayar sau biyu a kowace daƙiƙa, juyi 120 ke nan a minti. In mitarka tana auna Hz, wato sau nawa wutar AC ke zagayowa a daƙiƙa, aikin ya zo da sauƙi: tayar na da maganaɗisu 30, don haka Hz sau huɗu shi ne juyinta a minti, 30 Hz daidai yake da juyi 120. A ce ka ga bolt 5.3. Ninka da 1.4, don haka AC ke komawa bayan an mayar da ita DC, ka sami 7.4. Idan juyi 120 ya ba da 7.4, to 14.5 na buƙatar wajen 235. Shi ke nan ka san injinka.

Akwai wani abu da ke ruɗar mutane da yawa, gara ka ji shi tun yanzu. Rubutun wat 250 ko 350 da ake yi wa tayar hobabod a kan bolt 36 ne. Abin da wayar kwayil ke iya ɗauka ba tare da ta ƙone ba amfiya ne, kuma bai canzawa: wajen 8 zuwa 10. A kan bolt 14, amfiya 10 wat 140 ne kacal. Haka moton injin gudu, duk dawakan da aka rubuta masa, amfiyar da ke jikin farantinsa ita ce iyakarsa. Don haka injin wat 100 zuwa 150 kake ginawa.

Ita ma iskar tana da nata iyaka. Ƙarfin da ke cikinta ana samunsa ne da ninka rabin nauyin iska da faɗin da farfela ke sharewa, sannan a ninka da gudun iskar sau uku a jere. A zafin ƙasar nan da tudunta, nauyin iska wajen kilo 1.1 ne a kowane kwali mai tsawo, faɗi da zurfin mita ɗaya-ɗaya. Farfelar mita 1.5 na share murabba'in mita 1.77. A iskar mita 5 a daƙiƙa, wat 120 ne ke ratsa ta. Tun 1920 Bajamushe Albert Betz ya nuna ba farfelar da za ta kama fiye da kashi 59 cikin ɗari, ta gida kuwa in an cire asarar kwayil da dayod da waya, kashi 25 ma an gode. Wat 30 ke nan. A iskar mita 8 kuma wat 125. Duba yadda gudun bai ko ninka ba amma wuta ta ninka sau huɗu. Wannan ne ya sa tsawon turke ya fi kowace dabarar waya tasiri. Injinan iska 37 da aka kafa a Lambar Rimi ta jihar Katsina, kowanne mai kilowat 275, a kan turaku masu mita 55 aka ɗora su, ba don ado ba. Naka ya kamata ya ɗara duk wata bishiyar bedi ko mangwaro da ke kusa da wajen mita 9. In ba zai yiwu ba, kai shi fili can gefen lambun ta inda iskar hunturu ke shigowa, arewa maso gabas. Kan rufin kwano ko katangar ƙasa kuwa kada ma ka fara. Iskar wurin a hargitse take, girgizar kuma za ta tsaga ginin.

Yanzu wayoyin. Abin da ke fitowa daga wayoyi ukun nan AC ce mai fes uku, batir kuwa DC yake ci, sai an bi da ita ta raktifaya, na'urar da ke mayar da AC ta zama DC, mai dayod shida. Hanya mafi sauƙi ita ce sayen raktifayar fes uku mai ƙafa biyar, ta amfiya 35 ko 50: ƙafafu uku masu alamar ~ su karɓi wayoyin tayar, ba ruwanka da wacce ta riga wacce, sauran biyun su ne + da −. In ba ka samu ba, masu gyaran rediyo da inbata suna da mai ƙafa huɗu irin KBPC3510 ko KBPC5010. Sayi biyu. Waya ta ɗaya da ta biyu su shiga ƙafafun ~ na farko, ta uku ta shiga ƙafar ~ ɗaya ta na biyu, ɗayar a bar ta haka nan. Sai ka gama + da +, − da −. Hanya ta uku ita ce altanetar nan taka: rewaya zai ciro maka farantin dayod ɗinta, dayod shida ne a shirye da abin shan zafinsu, kuma ya isa tsarin bolt 12. Kowacce ka ɗauka, ɗaure ta a jikin farantin alminiyam mai kauri, don a amfiya 10 tana zubar da wat 15 zuwa 20 a matsayin zafi. Wadda aka bari tana lilo a iska ita ce ke fara mutuwa.

Raktifayar a ƙasa za ta zauna, kusa da batir, ba a saman turke ba. Sauko da wayoyi ukun yadda suke. Dalili biyu ne: in dayod ya mutu ba sai ka kwantar da turke ba, sannan birki a kan wayoyin AC ɗin ake sa shi.

Birkin ba wani abu ba ne illa makunnin da ke gama wayoyi ukun wuri ɗaya kafin su isa raktifaya. Canji-oba mai wuƙa irin wanda ake sa wa tsakanin janareta da wutar NEPA ya wadatar: wuƙa ɗaya ta gama waya ta ɗaya da ta biyu, ɗayar ta gama ta biyu da ta uku. Da ka rufe, tayar ta yi nauyi, farfela ta koma rarrafe. Batir ba ya jin komai, domin dayod ba ya barin wuta ta komo baya. Amma ka lura, wannan a gefen AC ne kawai. Ka kuskura ka gama + da − a bayan raktifaya, batir ka yi wa gajeriyar hanya, waya za ta yi ja kafin ka janye hannu.

In moton injin gudu ka zaɓa, shi DC yake bayarwa kai tsaye, wayoyi biyu, ja da baƙa. Wasu suna da ƙarin shuɗaye biyu na abin tsaron zafi, ka ƙyale su. Dole ka sa masa dayod a kan layin +, in ba haka ba da iska ta kwanta batir zai mayar da shi fanka, ya yi ta juya farfela har ya ƙare. Juya shi ta wajen da farfelar za ta juya, ka duba da mita wacce waya ce +, don launin ba ya nuna komai idan alkiblar ta canza. Mai son hutu sai ya sa wayoyin biyu a ƙafafun ~ na KBPC3510 guda, + da − su fito daidai ko ta ina ya juya, sai dai ya yi asarar ƙarin bolt 0.7. Birkinsa tsakanin moto da dayod ake sa shi. Ka duba kuma zaren da ya riƙe faifan ƙarfen gabansa. Da yawa zaren hagu ne, in farfela ta juya ta inda yake kwancewa, wata rana za ka tsince ta a cikin albasa.

Kaurin waya na da lissafi, kuma nan ne ake yawan yin arha mai tsada. Jan ƙarfe na da turjiyar om 0.0175 a kowace mita idan kaurinsa murabba'in milimita ɗaya ne. A ce daga kan turke zuwa batir mita 25 ne. Zuwa da komowa 50, kuma asarar wayoyi uku na fes uku kusan daidai take da wannan lissafin. A amfiya 10, waya mai 2.5 za ta cinye bolt 3.5, wato wat 35 daga cikin abin da bai kai 180 ba. Mai 4 za ta ci wat 22, mai 6 kuma wat 15. Ɗauki mai 4 in aljihu ya matse, mai 6 in da hali. A shago ka kankare bakin wayar da wuƙa. In cikinta fari ne, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, turjiyarta ta fi da fiye da rabi, kuma tana karyewa a wurin haɗi. Wayoyin tayar su kansu sirara ne, ka gajarta su, ka haɗa da mai kaurin da dalma, kada ka tsaya a murɗawa da salatif.

Kan injin yana bin iska yana juyawa, waya kuma za ta murɗe. Ba sai ka wahala da zoben burushi ba. Sako waya mai laushi ta cikin bututun turken, ka ɗaure ta a sama yadda nauyinta ba zai rataya a kan haɗin dalma ba, ka bar ta tana lilo, a gindi kuma ka sa fulogi mai ƙafa uku mai ƙarfi. Lokaci-lokaci sai a tsayar da farfela, a zare fulogin a warware murɗin. Makunnin birki ya kasance ta sama da fulogin, ko kuma a yi wannan aikin ranar da ba iska, don da ka zare, injin ya rabu da duk wani kaya.

Wannan maganar ta rabuwa da kaya ita ce ke kashe yawancin injinan iska na gida, kuma ita ce bambancinsu da sola. Farantin sola in batir ya cika, kwanturola ta yanke shi, ya zauna a rana ba abin da ya same shi. Farfela kuwa batir ne linzaminta. Da an yanke, sai ta zama dokin da ya tsinke: gudu ya ninka, bolt ya haura 50 ko fiye, ƙara ta cika unguwa, daga nan ko fiffike ya fita ko kwanturolar ta ƙone. Don haka kada ka bi da wutar injin iska ta kwanturolar sola, ko PWM ce ko MPPT. Daga raktifaya wuta ta tafi batir kai tsaye, ba abin da ke tsakani sai fis. Hana batir cika fiye da kima kuma ta wata hanya ake yinsa: idan ya kai bolt 14.4, sai a buɗe wa rarar wutar ƙofa ta tafi wani abu mai cinye ta ya mayar da ita zafi.

Akwai kwanturola masu wannan aikin na karkatar da wuta, irin su Morningstar TriStar da Xantrex C40, da ƙananan da ake sayarwa musamman don injin iska. In za ka sayi na ƙarshen, tabbatar ta zo da abin zubar da wutar, ko tana taka birki da kanta. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya haɗawa da ɗan allon nan mai auna bolt yana kunna rile, ya sa shi ya riƙa tuƙa rilen mota mai amfiya 40: ya kunna a 14.4, ya kashe a wajen 13.4. Ka bar wannan tazarar, in ta yi kaɗan rilen zai yi ta ƙyas-ƙyas har bakinsa ya ƙone. Rilen ma abin dubawa ne duk bayan 'yan watanni.

Abin zubar da wutar shi ma sai an auna. Ya zama yana iya shanye fiye da duk abin da injin zai bayar, a ce wat 250 zuwa 300. Rasisto huɗu masu om 3, wat 100 kowanne, a haɗa su kafaɗa da kafaɗa, farko da farko, ƙarshe da ƙarshe, za su ba da om 0.75, su ja amfiya 19, kowanne na ɗauke da wat 69. A ɗaure su a farantin ƙarfe, nesa da zana da buhunan taki. Hitar ruwa ta gida ba ta yi: mai wat 1,000 a kan bolt 220 turjiyarta om 48 ce, a kan bolt 14 wat 4 kawai za ta ja. Ƙwan fitilar mota yana ja, amma yana mutuwa ba sallama, ranar da ya mutu kuwa batir ne zai tafasa. In an sami hitar ruwa ta bolt 12 ta DC, wannan ta yi, muddin ba za a bar ta ba ruwa ba. Mai batirin litiyam ya ƙara kula, domin allon tsaron da ke cikinsa yana yanke caji da kansa in ya cika. Dole a saita zubarwar ta fara kafin a kai wurin.

Fis kuma a kan wayar +, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya daga kan batir ba. Aikinsa kare waya daga batir ne idan wani abu ya gamu, ba kare injin ba. Saboda haka kada ka sa ƙarami. Fis mai amfiya 10 zai tsinke ne daidai lokacin da iska ta fi ƙarfi, ya saki farfelar a mafi munin lokaci. Sa mai 30, layin zubar da wuta kuma ka ba shi nasa daban. Ranar haɗawa, rufe birki tukuna, haɗa kwanturola da batir, haɗa abin zubarwa, sannan raktifaya, ka tabbatar da + da − da mita, sai ka buɗe birki. Inbata ko fitilu daga batir za su sha, kada a rataya su a bakin raktifaya.

Batun gama biyu: wayoyin AC na taya biyu ba a gama su da juna. Kowacce da lokacin da wutarta ke hawa da sauka, in ka gama su za su yi ta tura wa juna wuta, su yi nauyi, su yi zafi, batir bai sami komai ba. Kowace taya da raktifayarta, a gamu a gefen DC, + da +, − da −. Haka ma in za ka gama taya da moton injin gudu, kowa da dayod ɗinsa. Haɗin jere, inda + na wannan ke shiga − na wancan don bolt ya ninka, ya fi dacewa ne idan sanda ɗaya ke juya su tare. Amma ka tuna moto ba ya ƙirƙirar wuta, abin da farfela ta kamo yake juyawa. Taya biyu a bayan farfelar mita 1.5 ba za su ba ka fiye da abin da ɗaya ke bayarwa a iskar yau da kullum ba, sai ƙarin nauyin tashi. Ko ka yi injin biyu kowanne da farfelarsa da turkensa, ko ka ajiye ta biyun a matsayin safaya. Ni ajiyewar zan ba ka shawara.

In wata rana ka ci karo da moton injin wanki irin na LG mai faɗi kamar faranti, wanda ba ya amfani da bel, saye shi. Kwayil 36 ne a da'ira, 12 a kowane fes, a jere. Yadda ya zo daga kamfani yana iya haura bolt 100 a juyi 300, wanda ya isa ya yi kisa, kuma ya yi wa batirin 12 yawa: zai fara caji tun farfela ba ta ɗau gudu ba, ya riƙe ta, ta kasa tashi. Gyaransa shi ne a yanka kowane layin 12 gida huɗu, kwayil uku-uku, a haɗa gidajen kafaɗa da kafaɗa, farko da farko, ƙarshe da ƙarshe. Bolt ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, amfiya ta ninka huɗu. Gida ɗaya ya juye, injin zai yi nauyi ko ba a haɗa shi da komai ba. Haɗin tauraro, inda ƙarshen fes uku ke gamuwa a wuri ɗaya, ya fi haɗin delta, inda ƙarshen kowane fes ke gamuwa da farkon na gaba, bolt sau 1.73, delta kuma ya fi shi amfiya da wannan adadin, don haka nan ma akwai wurin daidaitawa. Mai naɗin kwayil zai gane aikin, sai dai ya duba ko wayar ta alminiyam ce, don wasu haka suke, kuma ba su kama dalma ta yau da kullum.

Yanayin nan namu yana da nasa sharuɗɗa. Iskar da ke gaban hadari a farkon damina, wadda ke yaye rufin kwano, ta fi ƙarfin birkin waya. In farfela ta riga ta ɗau gudu, rufe makunnin na iya ƙona kwayil ba tare da ta tsaya ba. Ana rufe shi ne tun hadari na haɗowa a gabas. Don ranar da ba kowa a lambun, mai walda ya yi maka wutsiya mai naɗewa: a kauce da sandar tayar santimita 7 zuwa 8 daga tsakiyar turken, a rataya wutsiyar a kan maƙalar da ta karkata wajen digiri 20, yadda in iska ta yi yawa farfelar za ta juya mata gefe da kanta. Nauyin wutsiyar ne ke saita lokacin; in tana naɗewa da wuri a ƙara mata nauyi kaɗan, in amfiya na wuce 10 ba ta naɗe ba a rage. Wannan na kare maganaɗisun ma, don irin na cikin tayar suna fara rasa ƙarfi in zafi ya haura digiri 80, kuma ba sa dawowa. A watan Afrilu da rana ke kai 40, ba nisa tsakani.

Turken ƙarfe a fili kiran tsawa ne. Kafa sandar jan ƙarfe a gindinsa ka haɗa su da waya mai kauri. Ƙasar Daura rairayi ce mai bushewa, don haka a zurfafa, a zuba gawayi, in da hali a kafa ta inda ruwan ban-ruwa ke jiƙawa. Ƙurar hunturu kuma tana ɗauke da ɓurɓushin da ke manne wa maganaɗisu, ta cinye burushin moton injin gudu. Shi sai an yi masa riga da bututun roba, a bar ƙaramar huda ta ƙasa don ruwa ya fita. Tayar hobabod silikon a bakin murfi da inda waya ta fito ya ishe ta. In za ka huda murfin don ɗaure farfela, kwance shi tukuna, kada ɓarɓashin huda ya zuba a ciki.

Game da abin da za ka samu: iskar mita 5 ta awa goma za ta ba ka wajen wat-awa 300, rabin abin da ya kamata a riƙa cira daga batirinka ke nan. Farantin sola mai wat 200 a ranar Katsina yana ba da wajen 800. Don haka in kuɗin abu ɗaya gare ka, sola za ka saya. Injin iskar amfaninsa shi ne cike giɓi, da dare da kuma kwanakin hazo. Suna iya zama a batir ɗaya, sola da kwanturolarta, iska da tata hanyar.

Sa amita a kan layin + tun ranar farko, don ita za ta riƙa gaya maka abin da ke faruwa a sama. Farfela na gudu sosai amma allura ba ta motsi: ko gudun bai kai na fara caji ba, ko fis ya tsinke, ko waya ta rabu, rufe birki, in ta tsaya to wayoyin turke lafiya, matsalar daga raktifaya zuwa batir take. In ba ta tsaya ba, yankewar a sama take. Ana iska amma tana rarrafe kamar an taka birki: wayoyi sun gamu a cikin bututu, ko dayod ya mutu a rufe, zare wayoyin daga raktifaya na ɗan lokaci a iska mai sauƙi, in ta saki to dayod ne. Tana gurnani da kakkarwa, wuta kuma ta ragu: fes ɗaya ya yanke, auna AC tsakanin wayoyin biyu-biyu, wadda awonta ya bambanta ita za ka bi har inda ta rabu, kuma yawanci a haɗin da ke saman turke ne.